Yadda Masu Jiragen Ruwa Suka Yi Cinikin Jigawa

A watan Agusta na 1890, firaministan Ingila Lord Salisbury ya miƙe a majalisar dattawan ƙasarsu yana bayanin wata yarjejeniya da ya ƙulla da Faransa ranar 5 ga watan. An ja layi a kan taswira daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a gaɓar Tafkin Chadi. Abin da ke arewa na Faransa ne, abin da ke kudu na Ingila. Don kada a ce ya yi kyauta da ƙasa mai yawa, sai ya kwantar wa mutanensa da hankali, ya ce abin da Faransawa suka samu irin ƙasar nan ce da manomi zai kira marar nauyi, wato rairayi. Da Bahaushe ne ya yi masa tafinta a ranar, da kalma ɗaya ta ishe shi: jigawa.

Mu a Dutse ba mu da teku. Babban ruwan da yawancinmu muka sani shi ne na Haɗeja in ya cika da damina, sai kwale-kwalen masunta a fadamun Baturiya. Amma duk wanda ya je Maigatari ranar Alhamis ya tsaya inda Najeriya ta ƙare Nijar ta soma, to a kan sakamakon wata doguwar gasar ruwa yake tsaye. Ingila da Faransa ne suka yi ta kusan shekara talatin, Jamus na laɓe a gefe. Abin da ya ja hankalina a wannan tarihi shi ne yadda aka ci gasar. Jiragen yaƙin ƙasashen biyu ba su taɓa buɗe wa juna wuta a kan Kwara ba. Dabarun da suka yi aiki irin waɗanda kowane ɗan kasuwar Shuwarin ya sani ne: a karya farashi har abokin hamayya ya gaji, a saye shagonsa, a tare ƙofa, in ta kama a saki ƙaramin abu don a riƙe babba.

Masana tsaro na wannan zamani sun mai da abin ilimi. A 1972 wani Ba'amurke mai suna Andrew Marshall ya rubuta wa gwamnatinsu cewa ta daina kallon takun-saƙarta da Tarayyar Sobiyet kamar shirin karo guda, ta dube ta kamar kamfanoni biyu da za su shekara da shekaru suna neman kasuwa ɗaya. Ka nemi inda kai kake samun biyan buƙata da araha, shi kuma abokin gaba ka ja shi ya zuba dukiyarsa inda ba riba. Marshall ya riƙe wani ƙaramin ofis a ma'aikatar tsaron Amurka daga 1973 har 2015 yana wannan lissafi, kuma da irin wannan ido ake duban gasar jiragen yaƙi tsakanin Amurka da Sin a yau. To, kusan shekara ɗari kafin Marshall, wani Bature ya riga ya gwada dabarar a kan kogin da ya raba ƙasarmu.

A 1830 ne 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka bi Kwara daga ƙasar Yawuri da Busa har suka ɓulla teku, Turai ta san inda bakin kogin yake. Sanin hanya daban, iya binta daban. Ayarin jiragen da Ingila ta turo a 1841 zazzaɓi ya yi masa kaca-kaca. Sai a 1854 likita William Baikie ya shiga da jirgi mai suna Pleiad har cikin Binuwai, yana ɗura wa mutanensa kwinin, ya fito bai rasa ko mutum ɗaya ba. Daga nan jiragen hayaƙi suka soma zirga-zirga, Lakwaja ta zama zango, Etsu Masaba na Bidda ya karɓi baƙin hannu bibbiyu saboda bindiga da albarushi, amma bai so su wuce shi su yi arewa ba.

A lokacin babu rundunar ruwan da ta kama ƙafar ta Ingila a duniya, amma Kwara ta gagare ta. Manyan jiragenta ba sa iya hawa kogin sai ruwa ya cika, wata biyu ko uku a shekara. Su zo su yi wa wani gari ruwan igwa, kamar yadda suka yi wa Anaca a 1879, su koma teku kafin ruwa ya janye. Da rani kuwa 'yan kasuwar Turawa sai abin da sarakunan bakin kogi suka ga dama. Ga su kuma suna cin dunduniyar juna: kamfanoni huɗu na Ingila kowa na ƙara kuɗi don ya sami manja da man kaɗanya da hauren giwa. Masu kaya su ne da riba, don mai kaya ba abin da yake so irin masu saye su yi yawa.

Wannan hali George Goldie ya tarar da ya zo a 1877. Tsohon hafsa ne a sashen injiniyoyin soja, ɗan masu hali daga wani tsibiri da ke tsakanin Ingila da Ayalan, ya zo ne duba wani ƙaramin kamfani da danginsa suka zuba wa kuɗi yana neman durƙushewa. Ya duba ya ga ciwon kamfanin ba na kamfanin kaɗai ba ne. Muddin masu saye huɗu ne, mai sayarwa ne zai yanka farashi. Cikin shekara biyu ya lallashi sauran, a 1879 suka narke suka zama kamfani ɗaya, United African Company. Ciniki ya koma bakin mutum guda.

Ba a jima ba Faransawa suka shigo. Daga 1880 kamfanoni biyu, ɗaya daga Faris ɗaya daga Marsai, suka kafa tashoshi a bakin Kwara har cikin Binuwai, gwamnatinsu na mara musu baya. Wakilin ɗayansu ma, Mattei, hafsan soja ne, kuma shi ne ƙaramin jakadan Faransa a wurin. Goldie ya gane cewa tuta ce ke biye da kanti. A 1882 ya sake wa kamfaninsa suna, ya ɗaga jarinsa a takarda zuwa fam miliyan ɗaya, sannan ya shiga abin da 'yan kasuwa ke kira karya kasuwa. Duk inda Bafaranshe ya buɗe rumfa, shi ma ya buɗe kusa da shi, ya sayi amfanin ƙasa da tsada, ya sayar da hajarsa da araha. Kowa na asara, sai dai wani ya fi wani dogon numfashi. A 1884 kamfanonin Faransa duka biyun suka miƙa wuya, suka sayar masa da tashoshinsu da jiragensu. Na ƙarshen ya sa hannu ana saura 'yan makonni a buɗe taron Barlin, wanda aka soma ranar 15 ga Nuwamba.

A nan ribar asarar ta fito. Goldie ya bi tawagar Ingila zuwa Barlin yana ba ta shawara, tawagar kuwa ta sami bakin cewa a duk ƙasan Kwara babu tutar da ke ciniki sai tata. Aka amince kogin na kowa ne, kowane jirgi na iya bi, amma Ingila ce za ta kula da wannan doka a ɓangaren da ya haɗu da teku. An ba kura ajiyar nama ke nan. A ganina wannan ne babban karon da aka yi a duk tarihin, kuma a littafin lissafi aka yi shi. Da jiragen yaƙi aka tura su kori Faransawa, da an tayar da rigimar da ba wanda ya san ƙarshenta. Da aka saye su, ko a Faris ba wanda ya sami abin ƙorafi, don ciniki ne aka yi, an biya.

A Yulin 1886 gwamnatin Ingila ta ba kamfanin takardar izinin mulki, ya zama Royal Niger Company, wanda mutanenmu suka sani da Kamfanin Neja. Baitulmalin Ingila bai kashe ko sisi ba, kamfani ne zai yi sojansa, da kotunsa, da ƙananan jiragen yaƙinsa marasa nauyi masu iya yawo a kogi rani da damina. Takardar ta hana babakere ƙarara. Dokar Barlin ta ce kogi na kowa ne. Sai Goldie ya ce ya ji ya yarda, ruwa na kowa ne, amma gaɓa tasa ce. Jirgin hayaƙi na wancan zamani itace yake ci, dole ya tsaya ya yi lodi. Mai son tsayawa kuwa sai ya fara biyawa ta Akasa a bakin teku ya nuna kayansa, ya biya kuɗin fito, ya yanki lasisi mai tsada. Kamfanin shi ma yana biyan harajin, sai dai daga aljihun dama zuwa na hagu. Kamar mutum ne ya ce kasuwa ta Allah ce kowa ya zo, alhali ƙofar shiga da rumfuna da rijiya duk nasa ne.

Waɗanda abin ya fi ƙona wa rai ba Turawa ba ne. Mutanen Nembe, waɗanda kakanninsu ke fatauci a kogin tun kafin a haifi kakan Goldie, sai ga shi doka ta mai da su baƙi, cinikinsu ya zama fasa-ƙwauri. Da yunwa ta ishe su, a Janairun 1895 Sarki Koko ya tara kwale-kwalen yaƙi ya afka wa Akasa ya yi mata kaca-kaca. Ba da daɗewa ba jiragen yaƙin Ingila suka zo suka ƙone Nembe. Ashe dai igwar tana nan a bayan kanti, ba ta fitowa ne sai ranar da takarda ta gaza.

Mu kuma ta fuskar takarda aka fara shigo mana. A 1885 labari ya iso cewa wani Bajamushe, Eduard Flegel, na shirin zuwa Sakkwato neman yarjejeniya. Kamfanin ya yi maza ya tura Joseph Thomson, ya riga shi isa wurin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu da Sarkin Gwandu Maliki, ya dawo da takardu masu cewa an ba kamfani iko a gaɓar kogunan, shi kuma zai riƙa aika kaya duk shekara. A Sakkwato an ɗauki abin a matsayin aman da aka saba ba fatake baƙi, kayan kuma gaisuwa. A Landan aka ɗaga takardun aka ce daular Usmaniyya tun daga Gwandu har Adamawa ta shiga hannu. Da wannan hujja Salisbury ya ja layinsa na 1890, har aka rubuta cewa duk abin da yake na Sakkwato ne zai faɗa rabon kamfani. Dutse na ƙarƙashin Kano, Kano na bin Sakkwato, Haɗeja da Kazaure su ma masu tuta ne. An sa mu a lissafi ke nan ba mu sani ba.

Ɗan kasuwar da ya nuna rasit ɗin kayan da ba su cikin sitonsa ya karɓi bashi, ranar da aka buɗe siton yake gudu. Wanda ya buɗe shi wani hafsan Faransa ne, Monteil, da ya taso daga Sanigal ya bi layin da ƙafarsa. Ya sauka Sakkwato a 1891, ya yi watanni a Kano, ya wuce Kukawa a 1892, ya ƙetare hamada zuwa Tarabulus. Ya koma gida ya ce bai ga ko inuwar kamfani a ƙasar Hausa ba. Gaskiya ya faɗa. Fataucin Kano a lokacin raƙumi ne da jaki, turkuɗi da jar fata su yi arewa, goro ya zo daga Gwanja. Faransawa suka ga an yi musu sakiyar da ba ruwa, suka ƙudura sai sun sami tasu ƙofar a kogi.

Suka fara da Binuwai. Louis Mizon, hafsan sojan ruwa, ya shigo a 1890 ya kai Yola. Ya dawo a 1892 da jirage biyu, ya ƙulla abota da Sarkin Muri Muhammadu Nya, har ya taimaka masa da igwa wajen cin garin Kona. Kamfanin bai yaƙe shi ba, dokar kwastan ya ɗora masa, a 1893 ya ƙwace jirginsa ɗaya bisa laifin ciniki ba lasisi. Da Binuwai ta ƙi, suka juya yamma. A Busa akwai duwatsu a tsakiyar Kwara da jirgi ba ya iya wucewa. Abin da ke sama da duwatsun Faransa na iya mallaka, amma ba zai kai ta teku ba. Tasha guda ɗaya a ƙasa da su ta ishe ta ta haɗa dukan mulkinta na cikin ƙasa da teku, shingen Akasa ya tashi a banza. Saboda wannan 'yar tasha aka yi tseren Nikki a 1894, inda Lugga, yana ma'aikacin kamfani a lokacin, ya riga Decoeur na Faransa isa da 'yan kwanaki. A farkon 1897, Goldie na can yana yaƙin Bidda da Ilori, Faransawa suka shiga Busa suka zauna.

Daga nan abin ya fi ƙarfin kamfani. Sakataren mulkin mallaka Joseph Chamberlain ya ba Lugga kuɗin gwamnati ya kafa runduna, mafi yawanta Hausawa da Yarbawa, aka yi ta kafa tuta kusa da tuta a ƙasar Bargu, soja na hararar soja. Ranar 14 ga Yuni 1898 aka sasanta a Faris. Faransa ta sami Nikki, Ingila ta riƙe Busa. Don a share wa Faransa hawaye aka ba ta hayar 'yan filaye biyu na sauke kaya, ɗaya a Bajibo ɗaya a Farkados, waɗanda ba su tsinana mata abin kirki ba.

Me ya sa Faransa, mai sojan ƙasa da ya ninka na Ingila, ta haƙura? Amsar tana teku. Tun 1889 Ingila ta kafa doka cewa rundunarta ta ruwa sai ta kai ta ƙasashe biyu masu bi mata in an haɗa su, ta ware fam miliyan 21 da rabi don sabbin jirage. Tun kafin nan Faransa ta san ba za ta iya wannan tsere ba, shi ya sa wasu hafsoshinta, irin su Admiral Aube, suka kawo shawarar a bar gina manyan jirage, a yi ƙanana masu araha masu harba nakiya, a riƙa farautar jiragen kasuwancin Ingila. Dabarar ƙaramin ɗan kasuwa ce da ya san ba zai iya da babban kanti ba. Amma Faransa ba ta tsaya a kan shawara ɗaya ba, wannan minista ya zo ya bi ta, wancan ya zo ya soke, rundunar ta zama ba ta nan ba ta can. Da aka yi cirko-cirko a Fashoda a bakin Nilu, watanni kaɗan bayan sulhun Kwara, Faris ta auna jiragenta ta janye. Duk sojan da take da shi a Afirka ta teku yake samun harsashi.

Da gwamnati ta karɓi ragama, sai kamfani ya sayar mata da mulkin kamar yadda ake sayar da shago. Ranar 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutarsa a Lakwaja, aka biya shi fam 865,000. Aka kuma yi masa alkawarin rabin harajin duk ma'adinin da za a haƙa, har shekara 99, a tsakanin Kwara da wani layi da aka ja daga Yola zuwa Damagaram. Mai taswira ya ɗora magwaji ya gani: layin nan ta wajen Haɗeja ya ratsa, Dutse da Gumel da Ringim duk suna ciki. Kamfanin da ko akawu bai taɓa ajiyewa a ƙasarmu ba ya tafi da rabon abin da ke ƙarƙashin duwatsunmu a takarda. Kuzar Jos ce ta biya wannan alkawari, har sai bayan yaƙin duniya na biyu gwamnatin Najeriya ta fanshe shi.

Yanzu mu dawo kan iyaka, don nan ne labarin ya taɓa mu kai tsaye. Sulhun 1898 ya zana da'ira mai nisan mil ɗari kewaye da Sakkwato ya ba Ingila. Daga gabashinta layin ya bi ta arewa da Maraɗi, ya sauko, ya miƙe gabas a kan digiri 13 da minti 20. A bisa wannan zane Birnin Ƙonni da Maraɗi da Magarya da Dungas duk rabon Ingila ne. Faransawa suka ci Damagaram a 1899, bayan ɓarnar da ayarin Voulet da Chanoine ya tafka a hanya, sai suka tarar ba su da hanyar zuwa can daga Kwara mai rijiyoyi. In za su kai wa sojansu abinci, ko dai su keta rabon Ingila ko su bi ta inda ƙishirwa ke kashe raƙumi. Ƙasa marar nauyin da Salisbury ya yi wa dariya ta zame musu ƙarfen ƙafa. Suka yi ta roƙo a gyara layi, Ingila ta yi kunnen uwar shegu. Lugga kuwa ya san takarda ba ta riƙe ƙasa har abada, ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, ya ci Sakkwato a watan Maris. Dutse ta faɗa hannun Nasara tare da Kano.

Abin da roƙo bai bayar ba, tsoro ya bayar. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. A 1898 da 1900 Jamus ta kafa dokokin gina babbar rundunar ruwa a ƙarƙashin Admiral Tirpitz. Lissafinsa shi ma na kasuwa ne: ba sai ya kamo Ingila ba, ya isa ya tara jiragen da in ta yaƙe shi, ko ta ci, za ta fito da raunin da wata ƙasa za ta iya kayar da ita. Ya ɗauka Ingila ba za ta taɓa iya shiryawa da Faransa da Rasha ba, dole ta bar jiragenta a warwatse a duniya. A nan ya yi kuskure. Attajirin da ke da rumfuna a kasuwa goma, in aka buɗe masa babban kanti a ƙofar gida, sai ya sasanta da ƙananan abokan rigimarsa ya tattaro jarinsa. Ingila ta ƙulla ƙawance da Japan a 1902. Ranar 8 ga Afrilu 1904 ta zauna da Faransa suka kashe tsofaffin rigingimunsu a zama ɗaya. Akwai wasu dalilan, musamman Masar da Maroko da yaƙin Rasha da Japan, amma inuwar jiragen Jamus na kan teburin.

A cikin wannan ciniki akwai wani ɓangare da ya kamata kowane ɗan Jigawa ya sani. Tun 1713 masuntan Faransa ke da haƙƙin shanya kifi a wata gaɓa ta tsibirin Newfoundland, can kusa da Kanada, abin da ya daɗe yana damun Ingila. Faransa ta yarda ta saki wannan haƙƙi. Ladan da aka ba ta ya haɗa da wasu tsibirai a gaban Konakiri, da wani ɗan yanki a Gambiya, da gyaran iyakar arewacin Najeriya don ta sami hanya mai ruwa daga Kwara zuwa Damagaram har Chadi. Da aka kammala gyaran a 1906, Ƙonni da Maraɗi suka koma hannun Faransa. Ta wajenmu layin ya sauko kudu, Magarya da Dungas suka bi Damagaram, iyaka ta zo ta tsaya a bakin ƙasar Gumel. Dangin da ke noma gona ɗaya, wasu suka wayi gari za su koyi Faransanci wasu Ingilishi, saboda busasshen kifin wani teku mai ƙanƙara da ba su taɓa jin sunansa ba.

A Oktoban 1904 Admiral Fisher ya karɓi jagorancin rundunar ruwan Ingila, ya yi mata irin gyaran da sabon manaja ke yi wa kamfanin da ya yi kitse. Ya soke tsofaffin jirage sama da ɗari da ya ce ba sa iya faɗa ba sa iya gudu, ya janyo manyan zuwa tekun da ke fuskantar Jamus. Sannan ya gina Dreadnought, jirgi mai manyan igwa goma da ya fi duk na gabaninsa gudu, wanda ya mai da jiragen kowa tsohon yayi, har da na Ingila kanta. Mutane suka ce ya zubar da fifikon da aka tara shekara da shekaru. Shi kuwa ya san in bai kashe hajarsa da hannunsa ba wani zai kashe masa, kuma ya san masana'antun Ingila sun fi na kowa saurin ƙira. Jamus ta bi, sai da ta faɗaɗa mashigin ruwan Kiel da kuɗi masu yawa don sabbin jiragen su iya wucewa. Zuwa 1912 ta gaji, ta mai da kuɗinta kan sojan ƙasa.

A duba shekarar 1906 kaɗai. A watan Fabrairu aka tura Dreadnought cikin ruwa a Portsmouth. Ranar 25 ga Afrilu sojan Ingila suka shiga Haɗeja da igwa da bindiga mai ruwa, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, ya yi shahada tare da manyan fadawansa da 'ya'yansa. Tun 1890 ƙasashen Turai suka haɗa baki a Burasal kan hana sayar wa Afirka bindigogin zamani, wanda ke riƙe da bakin kogi kuwa shi ke da ikon zartar da hanin, don haka mazajen Haɗeja da takobi da mashi da 'yan bindigogin da ba su kai ba suka fito. Ranar 29 ga Mayu, wata guda da 'yan kwanaki bayan haka, aka sa hannu a Landan kan takardar da ta fayyace iyakar.

Kogin da aka yi duk wannan rigima a kansa bai daɗe yana cin kasuwarsa ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta bi dogo zuwa Ikko, raƙuman Tarabulus suka ragu har suka ɗauke ƙafa. Kamfanin Neja ya komo mana ta tudu a matsayin mai sayen gyaɗa. Lever Brothers suka saye shi a 1920, a 1929 aka haɗa shi da babban abokin hamayyarsa aka sami UAC. Da dogo ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori ya kai Nguru a 1930, kantunan kamfani da sikelinsu suka biyo shi tasha tasha, manomin jigawa ya kawo buhunsa ya tarar masu saye sun rage yawa, farashi kuma an riga an yanka.

Ita kuwa iyaka, hafsoshi biyu ne suka bi ta da ƙafa daga 1906 zuwa 1908, Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila, suka kafa alamomi 148 daga bakin Kwara zuwa Tafkin Chadi, aka tabbatar da aikinsu a 1910. Layin da suka bi shi ne har yau ake canjin Naira da Sefa a kansa a kasuwar Maigatari.